Yadda Ake Gano Abin da Ke Ɓata Hoto a Satalayit da Kallon Intanet, da Yadda Ake Gyarawa

Mutum ya tara kuɗi ya sayi talabijin mai inci 55, an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a jikin kwali, ya kawo gida ya jona dikodarsa, sai ya ga hoton ya fi na tsohuwar ƙaramarsa muni. Ana buga ƙwallo, da zarar kyamara ta juya sai ciyawar fili ta cakuɗe, lambobin rigunan 'yan wasa su dusashe. A fim kuwa, in dare ya yi a cikin labarin, baƙin sai ya rarrabu hawa-hawa. Daga nan a fara zargin mai shago, ko a kira mai ɗaura dish, ko a canza dikoda. Sau da yawa kuɗin nan a banza suke tafiya, domin ba a tsaya an gano inda matsalar take ba.

Hoto yana lalacewa a wuri uku: a gidan da suka turo shi, a kan hanya, ko a cikin ɗakinka. Biyun ƙarshe suna hannunka. Na farkon ba ya hannunka, kuma ko nawa ka kashe ba za ka gyara shi ba. Don haka aikin farko shi ne rarrabewa.

Mataki na farko: fahimci abin da ake yi wa hoton kafin ya iso ka

Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel. Tsohon tsari na SD da muke amfani da shi yana da 720 a kwance, 576 a tsaye, wato ɗigo 414,720. Cikakken HD yana da 1920 da 1080, sama da miliyan 2. Shi kuwa 4K, 3840 ne da 2160, sama da miliyan 8. Kowace daƙiƙa ana sauya hoton sau 25 ko 50. In aka ce za a turo HD yadda ya fito daga kyamarar gidan talabijin, ba a taɓa shi ba, yana cin kusan megabit 1,500 a daƙiƙa guda (megabit shi ne ma'aunin yawan datar da ake turowa). Abin da ke isowa gidanka ta dish galibi bai wuce megabit 5 zuwa 10 ba. Ka ga an zubar da fiye da kashi 99 cikin 100 ke nan.

Wannan zubarwar ita ce matse bidiyo, kuma dabara ce mai ban sha'awa. Na'urar matsewa tana turo cikakken hoto guda, sannan a hotunan da ke biye ba ta turo komai sai abin da ya canza. Mai karanta labarai yana zaune, bangon bayansa bai motsa ba, bakinsa da idonsa kawai ke motsi, saboda haka ɗan abin da za a turo kaɗan ne, hoton ya fito tas. Amma a filin ƙwallo kyamara na gudu, ciyawa na gudu, dubban 'yan kallo na tsalle, komai ya canza lokaci guda. In ba a ba tashar isasshen megabit ba, dole na'urar ta yi watsi da ƙananan abubuwa, sai ka ga hoton ya koma 'yan murabba'ai. Ruwan sama, hayaƙi, ganyen bishiya, taron jama'a kamar na hawan sallah, su ne suka fi wahalar da ita.

Hanyoyin matsewar ma suna da zamani. MPEG-2 ya fito a tsakiyar shekarun 1990, shi ne na faifan DVD da tsofaffin tashoshi. H.264, wanda masu dish ke kira MPEG-4, ya zo a 2003, yana ba da hoto irin wancan da kusan rabin megabit ɗin. HEVC ya biyo baya a 2013 ya sake ragewa, AV1 kuma ya fito a 2018, YouTube da Netflix suna amfani da shi.

Abin da nake so ka riƙe a nan: rubutun HD a kusurwar allo yana gaya maka yawan ɗigo ne kawai, bai gaya maka yawan megabit ɗin da aka ba tashar ba. HD da aka matse shi fiye da kima zai iya fin SD mai wadata muni. Faifan Blu-ray yana kai megabit 40 a daƙiƙa, shi ma 1080 ne, tashar da aka ba megabit 4 ita ma 1080 ce, amma ido ba zai haɗa su ba.

Me ya sa gidajen satalayit ke ƙwauron megabit? Tauraron ɗan'adam ɗin yana can sama, kilomita 35,786 daga doron ƙasa, kuma an raba shi gida-gida, kowane gida ana ce masa tiransfonda. Kowace tiransfonda tana ɗaukar wajen megabit 40 zuwa 60, haya ake biya mai tsada. Kamar rijiyar burtsatse ce guda a unguwa: in gida goma ke ja, kowa ya cika randa, in aka jona gida talatin, kowa sai ɗigo. Manyan kamfanoni suna da na'urar da ke karkatar da kaso mai yawa ga tashar da ta fi buƙata a wannan daƙiƙar, ta rage wa mai labarai ta ƙara wa mai ƙwallo. Ƙananan tashoshin kyauta kuwa, abin da aljihunsu ya iya saya shi suke samu, shi ya sa wasu tashoshin wa'azi da na fina-finai ke fitowa dishi-dishi kullum, rani da damina.

Mataki na biyu: rarrabe matsewa da raunin sigina

A nan mutane suka fi ruɗewa, alhali bambancin a fili yake in ka san abin da za ka duba.

Matsewa ba ta taɓa murya. Hoton na tafiya ba tsayawa, murya lafiya lau, sai dai yana dusashewa in motsi ya yi yawa, ya dawo daidai in motsin ya lafa. Kuma a wasu tashoshi ne ban da wasu, ko da hadari ko babu.

Raunin sigina daban yake. Hoton yana daskarewa, yana yayyagewa da layuka masu launi, murya na ƙyas-ƙyas tana yankewa, can sai a rubuta maka babu sigina. Yana ƙaruwa in hadari ya taso, kuma yakan kama tashoshi da yawa tare, musamman waɗanda ke tiransfonda ɗaya.

Akwai wata magana da ya kamata a daina faɗa wa mutane, cewa wai babban dish yana ƙara wa hoto kyau. A zamanin analog haka ne, sigina na ƙaruwa yayyafin allo na raguwa. A dijital ba haka ba ne. In siginar ta isa, hoton da za ka gani shi ne daidai wanda aka turo. In ka ninka ta, ba abin da zai ƙaru. In ta gaza, sai ya watse gaba ɗaya. Amfanin babban dish shi ne ya ba ka rara, yadda in hadari ya cinye wani kaso, saura ya ishe ka.

Ɗauki minti goma ka gwada. Buɗe tashar da kake ƙorafi a kanta, ka saurari murya. Koma wata babbar tashar HD a dikodar nan. In wannan ta fito tas waccan ta ƙi, kayanka lafiya suke, laifin na masu tashar ne, ka tsallake mataki na uku. In duk suna yayyagewa, ci gaba.

Mataki na uku: dish, LNB da waya

Shiga menu na dikoda ka nemo inda ake nuna sigina. Za ka ga sanda biyu, ɗaya ta ƙarfi, ɗaya ta inganci. Ta ingancin ita ce abin dubawa. Ta ƙarfi tana iya cika fal alhali dish ɗin na kallon wani wuri daban, domin abin da take nunawa galibi shi ne LNB, wato ɗan kan nan da ke gaban dish yana karɓar sigina, na samun wuta. Kowace dikoda da irin awonta, 70 a Strong ba lallai ya zama 70 a ta DStv ba, saboda haka kada ka gwada da ta maƙwabci. Rubuta lambarka ranar da gari ya yi garau, ita ce ma'auninka.

Kafin ka taɓa waya, kashe dikoda daga soket. Wayar dish tana ɗauke da wuta bolt 13 ko 18 zuwa LNB, in siririn ƙarfen tsakiya ya taɓa zaren gefe, zai iya ƙona maka dikoda.

Fara da kan waya, can wajen LNB. A nan yawancin matsalar take. Kwance shi ka duba: in ka ga tsatsa, ko kore-kore, ko danshi, yanke wajen ka sa sabon kai, ka naɗe shi da tef yadda ruwa ba zai shiga ba, ka bar wayar ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗige a waje. Bi wayar da ido har ɗaki. Duk inda aka yi mata haɗi da murɗe-murɗe, ko ƙofa ta matse ta, ko rana ta farfasa bayanta, sigina na zuba a nan. Wayar RG6 mai kauri, guda ɗaya ba haɗi, ta fi komai. Masu ɗaura dish da yawa suna sa mai arha don a rage kuɗin aiki, bayan damina biyu kuma a dawo ana neman su.

Sannan dubi LNB ɗin kansa. Murfin robar gabansa rana na cinye shi ya tsage, ruwa da gizo-gizo su shiga. In ya tsage, canza shi, ba shi da tsada. Tabbatar lambobinsa a menu daidai suke: na zangon sigina na Ku, mai ƙaramin dish, da aka fi sani 9750 da 10600 ne, na zangon C mai babban faranti galibi 5150.

In duk wannan lafiya, saura saiti. Iskar farkon damina tana karkatar da dish, kuma ɗan kaucewar da ido ba zai gani ba ta isa ta kwashe rararka. A sa mutum ɗaya ya zauna gaban allo, ko a fito da ƙaramar talabijin waje. Sassauta noti kaɗan, ka motsa hagu ko dama a hankali ƙwarai, ka dakata daƙiƙa uku bayan kowane motsi domin dikoda ba ta nunawa nan take. In ka samu inda lambar ta fi yawa, ɗaure, ka koma sama da ƙasa. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, shi ne murɗa LNB a cikin zobensa. Gwargwadon nisan tauraron gabas ko yamma da kai, gwargwadon murɗawar da yake so. Mai kallon tauraron Eutelsat a digiri 36 gabas, inda DStv ke watso wa Afirka ta Yamma, ko Badr a 26 gabas, zai murɗa ta ɓangare guda. Mai neman Nilesat a 7 yamma zai murɗa ta ɗaya ɓangaren. Wasu ƙwararru sukan rufa wa LNB jiƙaƙƙen ƙyalle yayin saiti, siginar ta ragu kamar ana ruwa, sai ƙaramin bambanci ya fito fili. Dabara ce mai kyau.

In an yi duk wannan amma yayyafi kaɗan na ɗauke maka hoto, to yanzu ne maganar babban dish ta taso. Girman filin fuskar na santimita 90 ya ninka na 60 fiye da sau biyu. Amma ka sani, in aka yi ruwa mai ƙarfi irin na watan Agusta, Ku zai ɗauke ko yaya, sai haƙuri na 'yan mintuna. Ruwa bai cika damun C ba. Kuma don Allah kada a hau rufi ana walƙiya ko kwano na jiƙe.

Mataki na huɗu: tsakanin dikoda da talabijin

Leƙa bayan talabijin. In wayar nan mai kai uku ce, rawaya da ja da fari, to ka gano ɓarawon. Rawayar ba ta iya ɗaukar HD, komai kyan tashar sai ta mayar da ita SD. Sa HDMI. Kuma kada wani ya sayar maka da mai tsada da sunan ta fi fitar da launi. A tsawon mita biyu, mai sauƙin kuɗi da ke aiki daidai take da kowace.

A menu na dikoda, sa fitar hoto a 1080 da 50Hz. Tashoshin yankinmu a kan 50 suke, in ka sa 60 sai motsi ya riƙa ɗan tsalle-tsalle. Sa siffar allo a 16:9, amma ka zaɓi wanda ke barin baƙi a gefe biyu in shirin tsoho ne. Fina-finan Hausa na zamanin kaset da VCD a 4:3 aka ɗauke su, in aka ja su don su cika allo sai kowa ya yi ƙiba. VCD ɗin kansa 352 ne da 288, kada ka yi tsammanin babbar talabijin za ta yi masa wani abu ban da tona asirinsa.

In tasha na ba ka murya ba hoto, ko ka bincika ta ƙi fitowa alhali maƙwabci na kamawa, dikodarka ce ta tsufa. Mai MPEG-2 kaɗai ba ta karanta MPEG-4, mai MPEG-4 ba ta karanta HEVC. In za ka sayi sabuwa, duba a ga DVB-S2 da H.265 (wato HEVC) a jikinta.

Mataki na biyar: saitin talabijin

Talabijin na fitowa daga shago a saitin da aka yi don ta ja ido a tsakiyar fitilu, Vivid ko Dynamic. Wannan saitin yana ƙara fito da duk wani aibun matsewa. Mayar da ita Movie ko Cinema, ko aƙalla Standard. Da farko za ka ga kamar ta yi ja-ja ta dusashe. Ba ta kwana biyu, idonka zai saba, fatar mutane ta koma irin ta mutane.

Sai Sharpness. Sunan na yaudara, domin ba ya ƙaro komai a hoton, farin layi kawai yake zanawa a gefen abubuwa, har da gefen murabba'an da kake gudu. Rage shi sosai, har farin da ke kewaye da rubutu ya ɓace. Mai rage hayaniyar hoto, wanda ake rubuta wa Noise Reduction ko MPEG NR, sa shi a ƙasa-ƙasa in tashoshin SD ka fi kallo, yana ɗan taimakawa. A HD mai kyau kashe shi, yana goge fuska. Mai santsin motsi, TruMotion a LG, Motionflow a Sony, Auto Motion Plus a Samsung, kashe shi a fim, in kana so ka bar shi kaɗan a ƙwallo. Nemi Just Scan ko Fit to Screen ka kunna, don kada talabijin ta riƙa yanke gefen hoto tana faɗaɗa saura.

Nisan zama ma magani ne, kuma kyauta. Cikakken HD yana son ka zauna kimanin ninki uku na tsayin allon; a mai inci 43 wajen mita ɗaya da rabi ke nan. SD yana son kusan ninki biyun haka. Masu gidan kallo su lura da wannan wajen jera benci. Kuma in mafi yawan abin da kake kallo tashoshin kyauta ne na SD, ni shawarata mai inci 32 ko 43 ta fi maka alheri a kan ƙatuwa.

Mataki na shida: YouTube, Netflix da sauransu

Kallon intanet wani tsari ne daban. Kamfanin yana ajiye kowane bidiyo a matakai da yawa, daga 144 har 1080 ko 4K, ya yayyanka shi gutsi-gutsi na 'yan daƙiƙu. Wayarka na auna ƙarfin netwok, ta ɗauko gutsuren da take ganin zai iso a kan lokaci. Shi ya sa bidiyo ke farawa dishi-dishi sannan ya washe, kuma da magariba, lokacin da kowa ya hau, ya sake dusashewa. Shi ya sa kuma mai kallon ƙwallo ta intanet ke jin ihun gidan kallo kafin ƙwallon ta shiga raga a wayarsa.

Fara da lissafin da zai tsare maka aljihu: megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Wasan awa biyu a megabit 5, gigabait 4.5 ke nan. Netflix da kansu sun ce 720 na son megabit 3, 1080 na son 5, 4K na son 15, kuma 4K na iya cin gigabait 7 a awa. A allon waya mai inci shida, 480 ko 720 ya wadatar, abin da ya wuce haka data kawai kake ƙonawa.

Auna netwok ɗinka a fast.com, da safe da kuma dare, a daidai wurin da kake zama. In abin da ka samu bai ninka buƙatar matakin da kake so ba, sauko mataki ɗaya da hannunka. A YouTube taɓa alamar saiti, shiga wajen inganci, zaɓi lambar da kanka. Hoton da ya tsaya a 480 ba yankewa ya fi daɗin kallo a kan wanda ke hawa da sauka. In rawuta kake amfani da ita, ɗora ta sama kusa da taga, kusa da talabijin. Bangon siminti na cin Wi-Fi na 5GHz fiye da na 2.4GHz, amma a ɗaki ɗaya 5GHz ya fi sauri. In talabijin na da ramin wayar intanet, jona ta, ka huta.

In netwok na da ƙarfi amma hoton ya ƙi washewa, duba abu biyu. Tsarin da ka biya: a Netflix na waya 480 ne iyakarsa, na Basic 720, na Standard 1080. Sai na'urar kanta: wasu wayoyi da akwatunan Android masu arha ba su da shaidar tsaro ta Widevine L1, Netflix ba ya ba su HD ko me aka rubuta a kwalinsu. Wani lokaci kuma kamfanin ne ya rage da gangan, kamar a Maris 2020, lokacin kullen korona, da Netflix ya rage megabit ɗinsa a Turai na kwana 30 don sauƙaƙa wa layukan intanet.

Hanya mafi dacewa da yanayinmu ita ce saukewa. Sayi datar dare, zaɓi inganci mai kyau, sauke shirin cikin manhajar, ka kalla da rana ba tsinkewa.

Ga masu ɗora bidiyo

Masu shirya fim, masu ɗaukar karatun malamai da masu bidiyon biki, kaso mai yawa na dusashewar da ake gani a tashoshinmu na YouTube daga gida ya samo asali. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo, abin da ya zube ba ya dawowa. An ɗauka da waya, an tura wa mai tacewa ta WhatsApp ya matse, ya tace ya fitar ya matse, YouTube ya karɓa ya sake matsewa. Tura ainihin fayil ɗin ta filas ko kebul, in kuma dole sai WhatsApp, tura shi a matsayin takarda (Document), ba a matsayin bidiyo ba. Wajen fitarwa, YouTube na ba da shawarar megabit 8 ga 1080 mai hoto 25 ko 30 a daƙiƙa, kada ka yi ƙasa da haka. Kafa kyamara a kan ƙafa, domin rawar hannu na sa na'urar ta ɗauka komai na motsi. Kuma ka wadata wurin da haske: a duhu kyamara na cika hoton da tsaki-tsaki, su kuma su cinye megabit ɗin da ya kamata a kashe a kan fuskar mai magana. Bayan ka ɗora, jira har YouTube ya gama sarrafa matakin HD kafin ka saki bidiyon ga jama'a, in ba haka ba masu kallon farko a 360 za su same shi.